Shekara 77 a kan dogo: abin da ya rufe shagon Hattons na Liverpool

A farkon watan Janairun 2024 ne shagon Hattons, wanda ya shekara 77 yana sayar da ƙananan jiragen ƙasa a Ingila, ya sanar da abokan cinikinsa cewa zai rufe. Babu kotun da ta ba da umarni, babu masu bin bashi a bakin ƙofa. Masu shagon sun ce jarinsu bai karye ba, za su biya kowa haƙƙinsa, su sayar da abin da ya rage a sito, su kulle ƙofa da hannunsu. Zuwa farkon Fabrairu an yi an gama. A cikin makon sanarwar kuma ƙungiyar masu sha'awar ƙananan jirage ta Warley, wadda ta yi kusan shekara 30 tana shirya babban baje kolin waɗannan jirage a zauren NEC na Birmingham, ita ma ta ce ta ajiye, domin masu yi mata aikin sa-kai sun manyanta kuma ba a samu matasan da za su karɓa ba. Jaridun Birtaniya suka haɗa labaran biyu suka yanke hukunci nan take: sha'awar ta mutu, yaran yanzu waya kawai suka sani.

Wannan hukunci yana da daɗin faɗi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a cikinsa. Sai dai wanda ya zauna ya bi lissafin kasuwar zai ga tsufan masu saye ɗaya ne kawai daga cikin igiyoyin da suka shaƙe shagon, kuma ba ita ce mafi kauri ba. A ganina, abin da ya lalace shi ne matsayin mai shago kansa, wato wanda ke tsaye tsakanin masana'anta da mai saye yana cin 'yar ribar da ke tsakani.

Kafin a je nan, me ake sayarwa a irin wannan shago? Wanda ya taso yana ƙera motar kara ko ta langa-langa ya san daɗin ƙaramin abu mai kama da babba, amma a nan abin ya wuce wasan yara. Kan jirgi ne da tsawonsa bai fi taƙi ɗaya ko biyu ba, an ƙera shi daidai da na gaske, har lambar da ke jikinsa da launin fentin da yake ɗauke da shi a shekara kaza. Da lantarki yake tafiya a kan siririn dogo. Mai shi kan ware ɗaki guda, ko gareji, ko ɗakin saman rufi, ya shimfiɗa katako, ya gina tasha da gada da tsauni da gidaje da shanu a makiyaya, kowanne a ma'auni ɗaya. Akwai dattijon da zai shekara goma yana gina tashar garinsu yadda ya san ta yana yaro, alhali tashar ta gaske an rushe ta tun bayan rahoton Beeching na 1963, wanda ya jawo rufe layuka da tashoshi masu ɗimbin yawa a Birtaniya.

Batun ma'auni yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin shi ya shata iyakar kasuwar. Yawancin duniya, daga Jamus zuwa Amurka, ma'aunin HO suke bi, inda ake rage girman jirgi sau 87. Birtaniya kuwa ta tsaya a kan nata, OO, mai ragi sau 76, duk da cewa faɗin dogon ɗaya ne, milimita 16.5. Dalilin tsoho ne. Jiragen Birtaniya na gaske sun fi na sauran Turai ƙanƙanta, kuma a shekarun 1920 da 1930 injin lantarkin da ake da shi ba ya shiga cikin gangar jikinsu idan an rage su sau 87, sai aka ɗan kumbura jikin aka bar dogon yadda yake. Dabarar wucin gadi ta zama al'ada. Sakamakonta shi ne kan jirgin Birtaniya na OO ba shi da masu saye sai a Birtaniya, sai kuma 'yan ƙasar da zuri'arsu da ke zaune a Ostireliya, Kanada, New Zealand da makamantansu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Liverpool gidan wannan sana'a ce. Daga nan layin fasinja na farko tsakanin manyan birane biyu ya tashi zuwa Manchester a 1830. A nan Frank Hornby ya kafa kamfanin Meccano, da masana'antarsa a titin Binns, ya fara fitar da jiragen da ake wanawa kamar agogo a 1920, sannan aka fito da ƙananan jiragen Hornby Dublo a 1938. A wannan gari Norman Hatton ya buɗe ɗan shagonsa a titin Smithdown a 1946, an fito daga yaƙi, sabon kaya ya yi ƙaranci, kayan hannu na da daraja. Da kamfanin Meccano ya shiga matsala har masu kamfanin kayan wasa na Tri-ang suka saye shi a 1964, Hatton ya kwashi kaso mai yawa na kayan Dublo da suka yi kwantai, ya yi ta sayarwa a hankali. Daga nan aka san shi da abu biyu: yana da kaya, kuma farashinsa ƙasa yake da na kowa.

Shagon bai tsaya jiran mutanen unguwa ba. Ya riƙa sayen shafuka a mujallun masu sha'awar, yana jera sunayen kaya da farashi da ƙananan haruffa, mutane na aiko da oda ta gidan waya daga ko'ina. Da intanet ta zo, yana cikin waɗanda suka riga shiga. A 2016 ya bar titin Smithdown ya koma wani ƙaton sito a Widnes, 'yar tafiya daga Liverpool, inda ake ɗaure kwalaye ana aikawa ƙasashen duniya. Masu ƙananan shaguna sun daɗe suna kiran irinsa da wani suna na reni mai nufin 'yan jigilar kwali, wato waɗanda ba su san komai ba sai karɓar kwali daga masana'anta su miƙa wa mai saye da ragi. Mutum zai shiga shagon unguwa ya juya kan jirgi a hannu, ya yi tambayoyi na rabin sa'a, ya koma gida ya yi oda a Hattons. Shaguna da yawa sun mutu ta wannan hanya, kuma manya ma ba su tsira ba: Beatties mai rassa a garuruwa da dama ya faɗi a 2001, Modelzone ya bi shi a 2013.

Saboda haka duk wanda ya ce intanet ce ta kashe Hattons bai san labarin ba. A wannan kasuwa Hattons shi ne babban kifin intanet ɗin. Tambayar da ta fi dacewa ita ce me ya ci kifin.

Amsar ta fara ne daga Chaina. Kamfanin Hornby, wanda ya gaji sunan Frank Hornby, ya kammala kwashe aikin ƙira daga garin Margate na Ingila zuwa can a 1999. Babban abokin hamayyarsa, Bachmann, dama mallakar kamfanin Kader ne na Hong Kong. Da farko kowa ya ji daɗi, domin kyawun kaya ya ƙaru ƙwarai. Kan jirgi guda na iya ɗauke da ƙananan sassa ɗaruruwa da ake liƙawa da hannu ɗaya bayan ɗaya, aikin da albashin Ingila ba zai bari a yi shi a farashi mai sauƙi ba. Daga baya aka ƙara masa 'yar na'ura a ciki wadda ke ba mutum damar sarrafa jirage da yawa a dogo ɗaya, da fitilu, da ƙaramar lasifika mai fitar da ainihin ƙarar injin. Amma albashi a lardin Guangdong ya yi ta hawa. Masana'antun da dala ake biyansu, kuma fam ya faɗi bayan ƙuri'ar ficewa daga Tarayyar Turai a Yunin 2016. A 2021 kuɗin dakon kwantena daga Asiya ya ninka sau da yawa. Yau sabon kan jirgi na OO kan kai fam 200, mai sauti kuma ya haura 300. Wannan ba kuɗin da yaro zai tara daga na kashewa ba ne.

Abin da ya fi farashi illa ga mai shago shi ne yadda aka koma yin kayan. A da, masana'anta na Margate, kaya na cikin kundin shekara, in ya ƙare a shago sai a ɗaga waya a ƙaro. Yanzu kamfani kan sanar da sabon jirgi, ya buɗe rajistar masu so, ya kama layi a wata masana'anta a Chaina, a jira shekara ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Ƙarfen zubin da ake narka roba a ciki shi kaɗai kan ci fam dubu ɗari ko sama, don haka ba wanda ke son ya ƙera fiye da abin da ya tabbatar zai sayar. Ana yin zubi ɗaya, a loda kwantena, shi ke nan. Mai shago dole ya yi hasashe tun shekara biyu kafin kaya su iso. In ya yi oda kaɗan kuma jirgin ya samu karɓuwa, cikin mako biyu ya ƙare, babu ƙari sai bayan shekaru. In ya yi oda da yawa kuma aka ƙi shi, kuɗinsa ya kwanta a kanta har sai ya karyar. Ga shi ragin da ake yi kan sabon kaya ya dawo wajen kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari kusan a ko'ina, wato makamin da Hattons ya yi suna da shi ya dakushe.

Manyan shaguna suka ga mafita ɗaya. Tunda masana'antun Chaina na karɓar aiki daga duk mai kuɗi, me zai hana shago ya ƙera nasa? Hattons ya shiga da ƙarfinsa. A 2018 ya sanar da cewa zai fitar da nasa samfurin Class 66, kan jirgin dakon kaya da ya fara shiga Birtaniya a 1998 kuma ya cika layukanta. Matsalar ita ce Bachmann na da wannan jirgi a kundinsa tun da daɗewa. Ba a jima ba sabon kayan Bachmann ya daina zuwa Hattons. Shagon ya kuma sanar da wasu ƙananan taragai na zamanin da, masu ƙafa huɗu da shida, da ya sa wa suna Genesis, sai ga Hornby a farkon 2021 ya fito da nasa masu kama da su. A shekarar ce Hornby ya kasa shagunan da yake ba kaya gida uku, Hattons ya samu kansa a gidan ƙarshe, aka zaftare masa kason kaya, dole ya soke odar mutanen da suka daɗe suna jira.

Ba sai an nemi mugu a wannan labari ba. Kamfanin da ya zuba kuɗi a ƙarfen zubi yana da hujjar ƙin ciyar da wanda ya zama kishiyarsa, kuma yana da hujjar fifita ƙananan shaguna masu kanta da mai tsaron kanta. Shagon da ribarsa ke tsukewa shi ma yana da hujjar neman abin da zai sayar ba tare da jiran rabon wani ba. Kowa ya bi lissafinsa. Amma a ƙarshe babban shagon ƙasar ya wayi gari ba ya samun sabon kaya yadda ya kamata daga kamfanoni biyu mafiya girma a kasuwar. Ɗan sarin da manyan dilolinsa biyu suka juya masa baya, kowa ya san inda ya dosa.

Su kuma kamfanonin sun gano ba dole sai da shago ba. Wanda ya yi rajistar jirgi shekara biyu kafin ya iso ba ya buƙatar kanta, adireshi kawai zai bayar. Da Hornby ya ƙaddamar da sabon ma'auninsa na TT:120 a Oktoban 2022, a shafinsa na intanet kaɗai ya fara sayarwa, sai daga baya ya buɗe wa shaguna. Sababbin kamfanoni irin su Accurascale, wanda tushensa ke Ireland, da Revolution Trains sun taso ne da karɓar oda kai tsaye daga masu saye. Kason da mai shago ke ci a da, yanzu mai ƙira na iya riƙe shi.

Sai batun iyaka, inda za mu koma kan ma'aunin OO. Tunda kasuwar cikin gida tana da iyaka, shago mai girman Hattons ya dogara ƙwarai da masu saye na ƙetare. Shekaru da dama aika ɗan kwali zuwa Sydney ko Dublin abu ne mai sauƙi. A Yulin 2018 Ostireliya ta fara neman manyan masu sayarwa na waje su karɓar mata haraji kan ƙananan kaya. A Janairun 2021 Birtaniya ta fice daga kasuwar bai ɗaya ta Turai, kowane kwali ya koma buƙatar takardar kwastan. A Yulin shekarar Tarayyar Turai ta soke sassaucin harajin da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba. Kowace doka ita kaɗai ba ta kisa, amma kowacce na neman rajista, da akanta, da gyaran manhaja, da ma'aikacin da zai amsa wa mutumin da kayansa suka maƙale a tashar kwastan. A sanarwar rufewar, Hattons ya ambaci wannan nauyi ƙarara, tare da raguwar masu saye, da sauyin shekarunsu, da tangarɗar samun kaya.

To yanzu tsufan. Jirgin fasinja na ƙarshe mai aiki da kwal da tururi na hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya a kan manyan layuka ya tashi ne daga tashar Lime Street ta Liverpool ranar 11 ga Agustan 1968. Yaron da ya tsaya bakin dogo a ranar yana ɗan shekara goma, a 2024 yana da 66. Wannan tsara ita ta riƙe kasuwar: sun taso suna rubuta lambobin jirage a ɗan littafi, sun mallaki gida mai gareji, sun yi ritaya da fansho. 'Ya'yansu da jikokinsu da yawa haya suke yi a ɗaki biyu, babu inda za a shimfiɗa katako mai tsawon ƙafa takwas. Kuma idan dattijo ya rasu, iyalinsa kan tattara abin da ya shekara 50 yana tarawa su kai shago ko gwanjo. Kayan hannu na ƙaruwa, hannuwan da za su karɓa na raguwa.

Duk da haka, kalmar mutuwa ta yi nauyi. A lokacin kullen korona ciniki ya tashi sosai, mutane na zaune a gida suka tuna da akwatunan da ke saman rufi. Kamfanonin da ke ƙera jiragen OO a yau sun fi na shekarun 1990 yawa, kuma kyawun kayansu ya fi na kowane zamani. A Hamburg ta Jamus, Miniatur Wunderland da tagwaye Frederik da Gerrit Braun suka buɗe a 2001 na cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a ƙasar. Zauren NEC ma bai zauna babu baje koli ba, wani kamfanin buga mujallu ya shirya nasa a can a Nuwamban 2024. Abin da ya faru shi ne kawuna sun ragu, amma kowane kai na kashe kuɗi fiye da da. Wannan ya yi wa mai ƙira daidai, domin shi tsadar kowane jirgi ce ribarsa. Bai yi wa shago irin Hattons daidai ba, wanda aka gina shi a kan ƙaramar riba da yawan kwalaye, da ƙaton sito da albashin ma'aikata da ba sa raguwa don oda ta ragu.

A Amurka ma kusan haka labarin yake, da nasa launi. Caboose Hobbies na Denver, wanda ya taɓa shiga kundin Guinness a matsayin shagon ƙananan jirage mafi girma a duniya, ya rufe a 2016 bayan ya rasa ginin da yake haya. Wannan ita ce mutuwar da ta fi yawa: mai shago ya tsufa, haya ta ƙare ko ta tashi, 'ya'ya na da aikinsu. M.B. Klein na Baltimore, da aka kafa tun 1913, Hattons ne ya saye shi a 2023 don neman gindin zama a kasuwar Amurka, 'yan watanni kaɗan ya bi uban gidansa. Waɗanda suka rage kuma a Afrilun 2025 suka tashi da harajin kashi 145 cikin ɗari kan kayan Chaina, kafin a sassauta, a sana'ar da kusan duk kan jirgin da ke kanta daga can yake zuwa.

Me ake rasawa idan shago ya rufe? Kan jirgi na fam 250 ba zai gagari mai kuɗi ba, za a kawo masa har gida. Abin da ke wuya shi ne ƙananan abubuwa: ɗan gwangwanin fenti, gam, ƙullin mahaɗin dogo na fam uku da mutum ya gano ya ƙare masa ranar Asabar da rana, wanda kuɗin aikawa ya fi kuɗinsa. Akwai ɗan dogon gwaji a bayan kanta inda ake ɗora jirgi a ga tafiyarsa kafin a biya. Akwai mutumin da zai saurari ƙarar injin ya ce maiko kawai yake so. Akwai uban da ya shigo da ɗansa bai san komai ba, aka hana shi sayen abin da ba zai yi masa amfani ba. Shagon kuma majalisa ce, a nan ake liƙa sanarwar baje kolin ƙungiyar gari, a nan sabon shiga ke jin cewa akwai masu haɗuwa duk daren Talata. Abin lura, yawancin wannan Hattons ya bar shi a titin Smithdown tun 2016. Mutanen Liverpool da suka yi jimami a 2024, da yawansu shagon da suke tunawa ya riga ya shekara takwas da tashi.

Ƙananan shagunan da suka rage a Birtaniya galibi suna da abin da ya bambanta su. Wasu ginin nasu ne, ba mai tashinsu. Wasu sun jingina da kayan hannu, inda mai shago ke saye da idonsa ya sa farashi da kansa, babu kamfanin da zai yanke masa kaso. Wasu gyara suke yi da saka na'urar sauti. Kuma akwai kayan da ba sa jiran kwantena, kamar dogon kamfanin Peco da har yanzu ake ƙerawa a ƙauyen Beer na yankin Devon, wanda duk mai gina tasha sai ya saya.

Shi kuwa Hattons an raba gadonsa. Sunan da shafin intanet sun koma hannun Rails of Sheffield, shagon iyali da aka kafa a 1970, wanda ya daɗe yana gogayya da shi kuma shi ma ya taɓa samun saɓani da Hornby bayan ya fara ƙera nasa jiragen. Ƙarfen zubin Class 66, jirgin da ya jawo rabuwa da Bachmann, tun kafin rufewar ya koma wurin Accurascale, wanda ya yi masa gyare-gyare ya sake fitar da shi a cikin nasa kwali.